Marigayi Leo Fender, Akantan Da Ya Ba Jita Murya

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan kiɗan zamani, ya ga mai jita da wata waya da ta fito daga jikin jitar ta shige wani ɗan akwati a bayansa. Wannan akwati shi ne amfilifaya, watau na'urar da ke karɓar raunanan sautin tsirkiya ta ƙara masa ƙarfi har ya cika ɗaki. A yau za mu kawo wa masu karatu tarihin mutumin da ya fi kowa tasiri a kan yadda ake ƙera wannan akwati, wato Mista Leo Fender na ƙasar Amurka. Abin mamaki game da shi, har ya bar duniya bai iya kaɗa jita ba, kuma bai taɓa zama a ajin koyon aikin injiniya ba. Aikin akanta ya karanta, gyaran rediyo kuwa da kansa ya koya.

An haifi Clarence Leonidas Fender ran 10 ga watan Agusta na shekarar 1909 a gonar lemon iyayensa, tsakanin garin Anaheim da Fullerton a Jihar Kalifoniya. Yana ɗan shekara takwas wani ƙari ya fito masa a idon hagu, likitoci suka cire idon suka sa masa na gilashi. Wannan lalura ce daga baya ta hana a ɗauke shi soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Bai cika shekara 15 ba ya kai ziyara wurin kawunsa John West, mai shagon gyaran wutar mota a garin Santa Maria, ya tarar kawun ya haɗa rediyo da tarkacen kayayyaki. Ƙarar da ta fito daga lasifikar rediyon nan ta shiga ransa, da ya koma gida sai ya fara kwance rediyo yana ɗaurawa, har maƙwabta suka soma kawo masa nasu gyara.

Duk da haka, da ya gama sakandare a 1928 sai ya shiga kwalejin Fullerton ya karanta aikin akanta, don shi ne ake gani sana'a mai tabbas. Ya yi aiki da wani kamfanin ƙanƙara a Anaheim, da fari yana kai kaya, daga baya yana riƙe littattafan kuɗi. A 1934 ya auri Esther Klosky, ya kuma sami aikin akanta a Ma'aikatar Hanyoyi ta Jihar Kalifoniya a garin San Luis Obispo. To, zamanin nan kuwa shi ne na babban karayar tattalin arziki a Amurka, sai aikin gwamnatin ya kuɓuce masa. Ya koma wani kamfanin taya, nan ma wata shida kawai ya yi aka sallame shi tare da sauran akantoci. A 1938 ya ranto dala 600, ya koma Fullerton da matarsa, ya buɗe shagon gyaran rediyo mai suna Fender Radio Service.

Zaman shagon nan shi ne makarantarsa ta gaskiya. Mai gyara yana ganin abin da mai ƙira ba ya gani, domin kaya ba ya zuwa hannunsa sai ya lalace. 'Yan kiɗa suna kawo masa amfilifayarsu da ta ƙone, yana buɗewa yana ganin inda wayoyi suka cakuɗe, da inda zafi ya yi yawa, da inda sai an kwance rabin na'ura kafin hannu ya kai ga abin da ya mutu. Yana kuma haɗa lasifikokin taro yana ba da haya. Cikin shekarun yaƙi ya haɗa gwiwa da wani makaɗi mai son ƙere-ƙere, Clayton Kauffman, wanda aka fi sani da Doc, suka kafa kamfanin K&F suna yin jitar Hawai, irin wadda ake kwantarwa a cinya, kowace da ɗan amfilifayarta. A farkon 1946 Kauffman ya ji tsoron bashi ya janye, Fender ya ci gaba shi kaɗai da sunan Fender Electric Instrument Company.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya mu bayyana abin da ke cikin akwatin, don in ba haka ba mai karatu ba zai gane darajar aikin mutumin nan ba. Waɗanda suka riski tsohuwar rediyo, wadda in an kunna sai an jira ta yi ɗumi kafin ta yi magana, sun san bawul. Ɗan ƙwai ne na gilashi kamar na fitilar lantarki, wanda aka zuƙe iskar cikinsa. A ciki akwai wani ƙarfe da ake ɗumamawa ya riƙa sakin wuta, da wani faranti da ke janyo ta, a tsakaninsu kuma da wata 'yar raga ta siririyar waya. Ɗan motsin wutar da ya zo daga jita a kan ragar nan yake sauka, ita kuwa kamar mai tsaron ƙofa, sai ta riƙa buɗe hanya tana rufewa daidai da motsin, ta haka ƙaramar wuta ke juya babba. Ba Fender ne ya ƙago wannan ba. Lee de Forest ne ya ƙara ragar tun 1906, tsarin haɗin wayoyin kuma yana nan a littattafan kamfanin RCA da na Western Electric, kowa na iya dubawa. Abin da Fender ya kawo shi ne tsari da ƙarko da kunnen sauraro.

Ya jera ƙananan kayan na'urar a kan wani allo guda, layi-layi, kowane an like shi da dalma da hannu, ta yadda in ɗaya ya mutu mai gyara zai cire shi cikin 'yan mintoci. Ya sa aka riƙa yin akwatin da katako mara nauyi mai haɗin haƙora a kusurwa, don ya jure jifa a bayan mota. Daga 1948 aka fara lulluɓe shi da wani yadi mai kauri, ruwan ɗorawa da ƙasa-ƙasa, irin na akwatunan tafiya na zamanin. A cikin kowane akwati an manna takarda mai nuna bawul ɗin da ke shiga kowane gurbi. Yawancin masu haɗa wayoyin a masana'antarsa mata ne, kuma har yau in aka buɗe tsofaffin amfilifayar nan akan tarar da ɗan salatif da wadda ta haɗa ta rubuta sunanta a kai.

Cikin dukan abin da ya ƙera, wanda ya fi ƙanƙanta shi ne ya fi nuna halinsa. A 1948 ya fitar da wata 'yar amfilifaya don ɗalibai masu koyon jitar Hawai, mai suna Champion, wadda daga baya aka taƙaita sunanta zuwa Champ. Samfurinta na ƙarshen shekarun 1950 bawul uku kacal gare shi, ɗaya na juya wutar gida zuwa irin wadda na'ura ke ci, ɗaya na fara ɗaga sauti, ɗaya mai lamba 6V6 na tura shi ga lasifika mai faɗin inci takwas. Ƙarfinta wajen wat biyar ne, mamurɗinta ɗaya tak, shi ne na kunnawa shi ne na ƙara murya. Akanta ne ya zauna ya cire duk abin da za a iya cirewa don iyayen ɗalibi su iya saye. Yayarta mai suna Deluxe, samfurin 1955 zuwa 1960, tana da 6V6 biyu da lasifika mai inci 12, ƙarfinta bai wuce wat 15 ba.

Jitocinsa ma da wannan tunani ya yi su. Telecaster, wadda ta fara fitowa a 1950 da wani suna dabam, falle ne na katako wanda aka ɗaura wa wuya da sukurori huɗu, in wuyan ya lalace a kwance a sa wani. Masu tsohuwar sana'a sun yi mata dariya da fari. A 1951 ya fitar da Precision Bass, a 1954 kuma Stratocaster. Da yake shi bai iya kaɗa jita ba, sai ya mai da 'yan kiɗan karkara na Kalifoniya kunnuwansa. Yakan ba su kaya su je su gwada a gidajen rawa su dawo su faɗa masa aibinsa, an kuma sha ba da labarin yadda yakan hau dandamali ana tsakiyar wasa, da sukundireba a aljihun riga, ya hau gyara amfilifayar makaɗi ko a jikinsa.

Yanzu ga inda tarihin ya yi juyin da shi kansa bai nufa ba. Burin Fender shi ne sauti garau, mai ƙarfi, marar gurɓata. Shi kuwa bawul yana da iyaka, in aka matsa masa fiye da ƙarfinsa sai sautin ya fara dakushewa, ya yi wata gurnani mai kauri. A wurin Fender wannan aibi ne, kuma shekara da shekaru ya yi yana yaƙi da shi, yana ƙara wat yana sake tsari, har ya kai ga Twin Reverb ta 1963 mai wat 85. Amma masu kiɗan bulus da na rok sai suka ji gurnanin nan ya fi musu komai daɗi, don ya yi kama da muryar mutum sa'ad da ya ɗaga ta har ta fara karcewa, kuma makaɗi na iya juya shi da yatsa kawai: in ya taɓa tsirkiya a hankali sauti ya fito garau, in ya buga da ƙarfi ya yi kauri. Babbar amfilifaya ba ta kai wannan matsayi sai ta kusa toshe kunne. Ƙarama kuwa tana kaiwa a ƙarar da ɗaki zai iya ɗauka. Da haka kayan ɗalibai ya shiga manyan ɗakunan ɗaukar faifai, har an daɗe ana danganta sautin faifan Layla na Eric Clapton, na 1970, da 'yar Champ ɗin nan, Neil Young kuwa ya shafe shekaru da dama yana wasa da tsohuwar Deluxe.

Wasu ma sun ɗora nasu gini a kan nasa. A 1962 wani mai kantin kayan kiɗa a Landan, Jim Marshall, ya ɗauki tsarin Bassman ta Fender ya haɗa irinta da kayan da ake samu a Ingila, daga nan kamfanin Marshall ya tashi. A ƙarshen shekarun 1960 wani mai gyara a Kalifoniya, Randall Smith, ya cusa babban inji cikin ƙaramin akwatin Princeton, wannan ya zama asalin Mesa Boogie, kuma da yawa suna ganin daga nan aka soma sana'ar ƙananan maƙera masu haɗa amfilifaya ɗaya-ɗaya da hannu.

Shi dai Fender bai jira ya ga wannan duka a kan kujerarsa ba. Wata cuta ta hanci da maƙogwaro ta daɗe tana damunsa har ya ɗauka kwanansa ya ƙare, saboda haka a watan Janairu na 1965 ya sayar da kamfanin ga CBS a kan dala miliyan 13, da sharaɗin ba zai yi gasa da su ba har shekara goma. Ba a daɗe ba ya sake likita ya warke sarai. Sababbin masu kamfanin suka fitar da amfilifaya mai tiransista a 1966, suna ganin zamanin bawul ya wuce, amma kayan bai karɓu ba, kuma tun daga lokacin 'yan kiɗa suka raba kayan Fender gida biyu, na kafin CBS da na bayanta, na farkon ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Wanda ya je zaɓen ƙaramar amfilifaya mai bawul daga ƙananan maƙeran nan a yau, ko ya sani ko bai sani ba, yawanci tsakanin 'ya'yan Fender yake zaɓe. Mai wasa shi kaɗai a ɗaki ko mai ɗaukar faifai, tsarin Champ ya ishe shi, kada kuma wat biyar ya ruɗe shi, domin kunnen mutum sai an ninka ƙarfi wajen sau goma kafin ya ji ƙara ta ninka sau biyu, watau mai wat 50 ninki biyu kawai ta fi mai wat biyar a ji. Mai wasa tare da ganguna sai tsarin Deluxe, wanda kuma ke son sauti garau irin wanda Fender da kansa ya fi so sai ya nemi tsarin Deluxe Reverb ta 1963 mai wat 22. A ganinmu, abin da ya fi cancanta mai saye ya duba shi ne abin da Fender zai fara dubawa, wato ya sa a buɗe masa baya ya ga ko mai gyaran garinsu zai iya kai hannu ga kowane abu, kuma ko bawul ɗin na irin da ake samu ne, tun da yake ƙasashe kaɗan ne suka rage suna yin sa, kamar Rasha da Sin da Sulobakiya. Buɗewar kuwa aikin gwani ne, don akwai wutar da ta haura bolt 300 a ciki, wadda kan maƙale ko bayan an cire filogi.

Da wa'adin shekara goma ya cika, Fender ya fito fili a 1975 a matsayin shugaban kamfanin Music Man. Matarsa Esther ta rasu a 1979 bayan aure na shekara 45, a 1980 ya sake aure, a daidai wannan lokaci kuma shi da tsohon abokin aikinsa George Fullerton suka kafa kamfanin G&L, a garin nan dai na Fullerton inda ya fara. Dukiya ba ta sauya masa sutura ko abinci ba, kullum yana bakin tebur da dalma da waya. Ciwon karkarwar jiki ya kama shi a ƙarshen rayuwarsa, amma bai daina zuwa wurin aiki ba har zuwa kwanakinsa na ƙarshe. Ya rasu ran 21 ga watan Maris na 1991 yana da shekara 81. A shekarar da ta biyo baya aka shigar da sunansa cikin zauren karrama mashahuran kiɗan rok na Amurka, a rukunin waɗanda ba makaɗa ba.