Marigayi Farfesa Abdou Moumouni Dioffo: Masanin Ƙarfin Rana

An haifi Abdou Moumouni Dioffo a garin Tasawa, cikin yankin Maraɗi na ƙasar Nijar, ran 26 ga watan Yuni, 1929. Bayan ya yi karatun farko a gida, sai aka tura shi makarantar William Ponty da ke Sanagal, watau inda Faransawa ke horar da malamai da ma'aikatan ƙasashen da suke mulka. Daga can ya zarce Faris ya karanta kimiyyar fiziya. A 1956 ya ci jarrabawar agrégation a wannan fanni, abin da babu wani baƙar fatan Afirka ta Faransa da ya taɓa yi kafinsa.

Da ya so, da ya yi zamansa a Turai cikin daula. Amma shi mutum ne mai ƙyamar mulkin mallaka tun yana ɗalibi. Saboda haka da Gini ta ƙi bin Faransa a 1958, Turawa suka kwashe ma'aikatansu, yana cikin waɗanda suka tafi Konakiri suka riƙe makarantu. A 1964 ya fitar da littafinsa, L'éducation en Afrique, inda ya nuna cewa ilmi ba zai zauna da gindinsa ba muddin ana koyar da yaro da harshen da ba na uwarsa ba. Wannan batu kuwa ɗalibin Hausa ya fi kowa sanin nauyinsa.

To, amma abin da ya fi shahara da shi shi ne binciken ƙarfin rana. Ya ƙaro ilminsa a Tarayyar Sobiyet, sa'an nan ya shugabanci ɗakin binciken ƙarfin rana a Bamako daga 1964. A 1969 ya komo gida ya karɓi ragamar hukumar ONERSOL a Yamai, ya riƙe ta har 1985.

Hujjarsa a fili take. Nijar ba ta da bakin teku, man da take ƙonawa a wancan zamani sai an sayo shi daga waje da tsada, talaka kuwa ba shi da makamashi sai itace. Ga shi fari ya addabi yankin daga 1968 zuwa 1974, duk bishiyar da aka sare kuma hamada aka buɗe wa ƙofa. Alhali ranar da ake kuka da zafinta kyauta take fitowa kullum. Don haka hukumarsa ta shiga ƙera tukunyar dafa ruwa, wadda baƙin faranti ne da bututu a ƙarƙashin gilashi: farantin ya sha zafi, gilashin ya hana shi fita, ruwan da ya yi zafi ya hau tanki da kansa ba tare da inji ba. Suka kuma ƙera murhu mai siffar faifai wanda ke tattara haske a gindin tukunya, da na'urar tace ruwa. Murhun dai bai shiga gidaje sosai ba, domin tuwon dare ba ya jiran rana, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin mai sayen itace. Tukunyar ruwan ce ta fi samun karɓuwa.

A 1979 aka naɗa shi shugaban Jami'ar Yamai. Ya rasu a Yamai ran 7 ga watan Afrilu, 1991, kuma a 1992 aka sa wa jami'ar sunansa.