Jabiru Ɗan Hayyanu da Ilmin Mizani

An haifi Abu Musa Jabiru ɗan Hayyanu a garin Ɗusa na ƙasar Hurasan wajen shekara ta 721 Miladiyya, bisa ruwayar da ta fi shahara. Ya zauna a Kufa, littattafansa kuma suna kiran Imamu Ja'afarus Sadiƙ malaminsa. Ya samu gindin zama wurin Baramika, waziran Haruna Rashid, har zuwa 803 da halifa ya rushe gidansu.

A ganinsa duk ƙarafa daga zaiba da farar wuta suka samo asali, gwargwadon haɗi da tsarki ne ya bambanta zinariya da dalma. Ya tace nushadir daga gashi da jini, kalmar da Bahaushe ya mayar da ita sinadari. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne ilmin mizani, watau cewa kowane abu yana da awon zafi da sanyi da bushewa da danshi, wanda kuma ya san awon ya mallaki sirrin abin. To, yaya za a auna? Sai ya koma ga haruffan sunan abin da Larabci: alif zafi, ba sanyi, jim bushewa, dal danshi, haka har ƙarshen haruffa 28, a kan ƙa'idar 1, 3, 5, 8, jimla 17.

Wannan hanya ba ta ɓulle ba, domin suna ba ya ƙara wa ƙarfe nauyi, dalma kuwa ba ta zama zinariya ba. Sai dai maganar awo ta tabbata. A 1789 Bafaranshe Lavoisier ya bayyana, bayan gwaji da sikeli, cewa nauyin abin da aka haɗa daidai yake da na abin da ya fito. A 1813 Berzelius na Suwidin ya ba kowane sinadari alama ta harafi. Jan dutsen nan zunjufur, da Jabiru ya san yana fitowa daga zaiba da farar wuta, yau ɗalibi kan rubuta shi Hg + S → HgS. Samuwar ruwa kuwa 2H₂ + O₂ → 2H₂O, haidirojin 4 da iskar shaƙa 2 a kowane ɓangare. Lambar gaba ake gyarawa. Wanda ya taɓa ta ƙasa ya rubuta H₂O₂, ya bar ruwan sha ya koma maganin wanke rauni.

Ya rasu wajen 815, Allah ya ji ƙansa. Ibnun Nadim ya ruwaito a Fihrist, a 987, cewa wasu malamai sun musanta samuwarsa, shi kuwa ya ƙi yarda da su. Littattafan da aka jingina masa sun kusa 3,000, abin da ya sa manazarta da yawa ke ganin aikin mutane da dama ne a ƙarƙashin suna ɗaya.