Patsy Cline, Zabiyar Karkara da Waƙar Birni

A Amurka akwai kiɗan mutanen karkara na kudu, ana ce masa kantiri, akwai kuma jaz, kiɗan da baƙar fata suka soma a birnin New Orleans. Yau za mu ba masu karatu labarin wata zabiyar karkara wadda ta rera waƙar masu jaz, ba ta ji kunya ba.

An haifi Patsy Cline ran 8 ga Satumba, 1932, a garin Winchester, cikin jihar Virginia. 'Yar talakawa ce. Da ubanta ya bar gida, sai ta bar makaranta ta kama aiki a kantin magani, da dare kuma ta fita waƙa cikin rigunan makiyaya da uwarta ke ɗinka mata. Sunanta ya fita a 1957.

Mai shirya mata faifai a birnin Nashville, Owen Bradley, ya ga muryarta ta fi ƙarfin kiɗan karkara kaɗai, sai ya riƙa ba ta waƙoƙi masu sanyi, irin na birni. Da farko ba ta so ba, gama ta ɗauka kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Daga baya ta yarda.

A farkon Fabrairu, 1963, ta shiga ɗakin ɗaukar murya ta rera Always, waƙar da Irving Berlin ya tsara a 1925 domin matar da zai aura, wadda masu jaz suka daɗe suna yi. Patsy ba ta kwaikwayi kowa ba. Sai ta ja kalmomin a hankali, muryarta na ɗan karyewa kamar yadda mawaƙan karkara ke yi, har waƙar aure ta koma kamar ta bankwana.

Ashe kuwa bankwanan ne. Ran Talata, 5 ga Maris, tana komowa daga Kansas City, inda ta je waƙa don taimakon iyalin wani mamaci, sai jirginsu ya faɗi kusa da Camden, cikin jihar Tennessee. Shekarunta 30.

A 1973 mutanen kantiri suka sa sunanta a zauren manyan mawaƙansu, ita ce mace ta farko da aka sa ita kaɗai. Mu dai mun ga gida bai bar ta ba.