Senda Berenson: Malamar Da Ta Buɗe Wa Mata Ƙofar Ƙwallon Kwando

A duk lokacin da aka ta da zancen wasannin motsa jiki a makarantun 'yan matanmu, akan samu ɓangarori biyu: masu ganin cewa abin ya saɓa wa kunya da tarbiyya, da masu ganin cewa hana shi tauye lafiyar 'ya mace ne. Wannan taƙaddama ba da mu aka fara ta ba. An yi irinta a Amurka fiye da shekara 130 da suka wuce, kuma wadda ta gano bakin zaren ita ce Senda Berenson.

An haife ta a 1868 a yankin Lituweniya, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Rasha. Iyayenta Yahudawa ne, kuma tana da shekara 7 aka kai ta birnin Boston. Ta tashi da raunin jiki, har ciwon baya ya raba ta da karatun kiɗa da ta fara. Neman lafiya ne ya sa ta shiga makarantar horar da malaman motsa jiki a 1890, kuma a can ta samu sauƙi. Tun daga nan ta riƙi motsa jiki a matsayin magani, ta kuma ƙudura isar da shi ga sauran mata.

A 1892 Kwalejin Smith, wadda ta mata zalla ce, ta ɗauke ta aiki. Ba a jima ba da James Naismith ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a garin Springfield a ƙarshen 1891. Da ta karanta labarin wasan, sai ta gwada shi da ɗalibanta. A watan Maris na 1893 'yan aji ɗaya suka kara da 'yan aji biyu, karawar da ake lissafawa a matsayin ta farko tsakanin ɗalibai mata a wata kwaleji. Mai karatu ya lura da wannan: ba a bar namiji ko ɗaya ya shiga kallo ba.

Senda ta san cewa iyaye da hukumomin zamaninta ba za su lamunci ganin 'ya'yansu mata suna ture-ture da kokawa a fili ba. Saboda haka ta gyara dokokin. Ta raba filin gida uku, kowace 'yar wasa da inda za ta tsaya. Ta hana fizge ƙwallo daga hannun abokiyar karawa, ta hana riƙe ta fiye da daƙiƙa 3 ko buga ta a ƙasa fiye da sau 3. Daga 1901 zuwa 1917 ita ce editar littafin dokokin wasan na mata. Ta yi shekara 19 a Kwalejin Smith, ta bar ta a 1911 da ta yi aure, sannan ta ci gaba da koyarwa a wata makarantar 'yan mata har 1921. Ta rasu a 1954. A 1985 ta shiga sahun matan farko da aka sa sunayensu a zauren karrama gwanayen wasan.

Ba ta tsira daga suka ba. Ta ƙi yarda da gasa tsakanin kwalejoji, kuma masu suka na ganin dokokinta sun daɗe suna ɗaure ƙafafun mata, domin sai a 1971 aka amince musu su yi wasa biyar-biyar a faɗin fili kamar maza. Wannan suka na da tushe. Amma da ta dage kan dokokin maza a 1893, mai yiwuwa da an kashe wasan tun yana jariri. Sannu ba ta hana zuwa.

Darasin da ke gare mu a bayyane yake. Tawagar matan Nijeriya ta ci kofin Afirka sau 5 a jere daga 2017 zuwa 2025, kuma a ƙarƙashin Rena Wakama ta kai zagayen ƙungiyoyi 8 na ƙarshe a gasar Olamfik ta 2024. Tun 2017 hukumar wasan ta duniya ta halatta rufe kai a fili, don haka hujjar sutura ta kau. Makarantar 'yan mata, a Sakkwato take ko a Tambuwal ko Kebbe ko Fakku, ba ta buƙatar fiye da fili mai katanga, da kwando biyu, da malama mace ƙwararriya wadda za a bar ta ta daɗe a wurin. Yarinyar da ta gina jikinta a yau ita ce uwar da za ta jure ɗawainiyar gobe. Ya rage wa hukumomin ilimi da iyaye su samar da irin wannan malama, su kuma riƙe ta da daraja. Allah Ya sa mu dace.