Tarihin James Naismith, Marayan da Ya Ƙirƙiro Ƙwallon Kwando

A wannan fitowa filinmu na tarihin mashahuran mutane ya leƙa ƙasar Kanada, inda aka haifi mutumin da ya ƙirƙiro wasan nan na ƙwallon kwando da yaranmu ke yi a makarantun sakandare.

An haifi James Naismith ran 6 ga Nuwamba 1861 a wani ɗan gari mai suna Almonte. A 1870 zazzaɓin taifot ya kashe uwarsa da ubansa, riƙonsa ya koma hannun kakarsa, daga baya kuma kawunsa. Da ya tasa sai ya watsar da karatu, ya shiga daji saran katako. Bayan 'yan shekaru ya sake tunani, ya koma aji, har ya kammala Jami'ar McGill a 1887.

Daga nan ya ƙaura Amurka, ya zama malamin motsa jiki a makarantar YMCA da ke Springfield. A Disamba 1891 sanyi ya hana ɗalibai fita fili, zaman ɗaki ya ishe su. Shugabansa, Luther Gulick, ya ba shi kwana 14 ya samo wasan da za a yi cikin zaure ba tare da an ji rauni ba. Gogan naku ya rubuta dokoki 13, ya kafa kwandunan zuba 'ya'yan itace guda biyu a tsayin ƙafa 10, ya raba ɗalibai tara-tara. Ya hana gudu da ƙwallo a hannu don kada a riƙa kai wa juna karo. Har yau tsayin ragar bai canza ba.

A 1898, bayan ya sami digirin likita, Jami'ar Kansas ta ɗauke shi, ya zama kocinta na farko har 1907. Abin mamaki, wasa 55 ya ci, aka ci shi 60. Shi dai tarbiyyar matasa ce a gabansa, ba kofi ba. Cikin ɗalibansa akwai Phog Allen, wanda ya shahara a horarwa, da John McLendon, baƙar fata, wanda Naismith ya riƙe hannu biyu a zamanin da wariyar launin fata ke ci kamar wutar daji.

A 1936 ya je Balin ya ga wasansa a gasar Olamfik, inda Amurka ta doke Kanada da ci 19 da 8. Ya rasu ran 28 ga Nuwamba 1939 yana da shekara 78.

Alherinsa ya iso har jiharmu. A Zariya Masai Ujiri ya tashi, a can ya koyi wasan, kuma shi ke shugabancin ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019.

To, 'yan'uwa mazauna Kachiya, da Naismith ya dawwama a saran katako, wa zai san shi? Yaranmu nawa suka bar aji suka koma dakon buhun citta ko acaɓa? Marayu nawa ke hannunmu? Mu mai da su makaranta tun da sauran lokaci, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuriya, amin.