Bernardino Ramazzini, likitan da ya bi ma'aikata har wurin aikinsu

An haifi Bernardino Ramazzini a garin Carpi na ƙasar Italiya a 1633, ya yi karatun likita a Parma. Wata rana a birnin Modena ya ga mai kwashe masai a gidansa yana aiki a gaggauce. Da ya tambayi dalili, ashe tururin ramin ne ke cin idanun mutumin, har wasu abokan sana'arsa sun makance.

Daga nan fa ya shiga bin maƙera, majema, masu haƙar ma'adinai da masu gashin burodi, yana duba abin da aiki ke yi wa jikinsu. A 1700 ya fitar da littafi kan cututtukan sana'o'i kusan 40. Ko magatakarda bai bari ba, ya nuna yawan zama da gajiyar ƙwaƙwalwa na kassara su. Ya shawarci likitoci su riƙa tambayar majinyaci aikin da yake yi.

Ya rasu a Padua a 1714. To ɗan'uwa, in tari ko ciwon baya ya kai ka asibiti, faɗa wa likita sana'arka, ko bai tambaya ba.