Walther Flemming, Mutumin da Ya Gano Yadda Ƙwayar Halitta Take Rabuwa

Jikin ɗan Adam da na dabba da na tsiro duk an gina su ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. Jariri ba ya girma, rauni ba ya warkewa, sai ƙwaya ɗaya ta rabu ta zama biyu. Wanda ya fara bayyana wannan rabuwa daki-daki shi ne Walther Flemming.

An haife shi a ƙasar Jamus a 1843. Ya gama karatun likita a Rostock a 1868, ya yi aikin likitan soja a yaƙin Jamus da Faransa na 1870. A 1876 ya zama shehun malami a Jami'ar Kiel.

A can ne ya duƙufa kan binciken 'ya'yan salamanda, wata dabba mai kama da ƙadangare, domin ƙwayoyinta manya ne. Da ya sa musu rini, sai ya ga wasu abubuwa kamar zare a cikinsu. Ya kuma yi ta kallon ƙwayoyi masu rai har ya gane abin da yake fara faruwa da abin da yake biyo baya. A littafinsa na 1882 ya raɗa wa rabuwar suna maitosis, daga kalmar Girkanci mai nufin zare.

Daga baya masana suka sa wa matakan sunaye huɗu. Furofes, lokacin da zaren yake dunƙulewa, ya fi daɗewa. A metafes zaren yana jeruwa a tsakiya. Anafes, lokacin da yake tsagewa ya nufi gefe biyu, ya fi gajarta, 'yan mintoci ne kawai. Telofes ne na ƙarshe.

Ɗalibi a nan Wudil yana iya tabbatar da wannan da saiwar albasa. In ya rina bakinta ya ƙirga ƙwayoyin da suke rabuwa, zai tarar na furofes sun fi yawa, na anafes 'yan kaɗan ne, domin matakin da ya fi daɗewa shi ake yawan riska.

Flemming ya rasu a Kiel a 1905. Masu binciken cutar daji, wadda rabuwar ƙwayoyi ba kan gado take haddasawa, har yau a kan aikinsa suke ɗorawa. 'Yan'uwana ɗalibai, haƙuri da lura ne suka kai shi nan, mu ma mu riƙe su.